Shekisfiya Bai Bar Sakandare Ba, Sai Dai Wa Ke Karanta Shi?

Tambaya: Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya gama sakandare a shekarun 1970, ya rubuto yana cewa: "Mu a zamaninmu mun yi Macbeth da Julius Caesar, har gobe ina iya kawo wasu wurare da ka. Jikata tana aji biyu na babbar sakandare, na tambaye ta Shekisfiya, ta ce ta dai taɓa jin sunan. Shin an daina koyar da tsofaffin littattafan Turanci ne? Su kansu Turawan da suka kawo mana, suna yi har yanzu?"

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Ba a daina ba, nan gida da can Turai duka. Amma bari in yi wani canki tun ba mu yi nisa ba: jikar nan taka 'yar ajin kimiyya ce. In na canka daidai, to ba ta yi abin kunya ba, tsarin ne ya zo da haka.

A tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara jarrabawarsa ta SSCE a 1988, yaro yana shiga aji ɗaya na babbar sakandare ake ware masa layi: ko kimiyya, ko kasuwanci, ko ɓangaren da yara ke kira "at". Darasin adabin Turanci, wato Litirecha, na 'yan at ne. Wanda zai karanta aikin lauya ba shi da makawa sai ya yi shi, domin JAMB na nemansa, jami'o'i kuma na neman kiredit a cikinsa. Haka mai son karanta Turanci a jami'a. Amma mai burin zama likita ko injiniya, Turancin da ke kansa shi ne na dole ɗin nan: insha'i, wasiƙa, auna fahimta, taƙaitawa, nahawu da furuci. Babu littafin adabi ko ɗaya a ciki. Yaro zai iya fita da A1 a Turanci bai taɓa buɗe wasan kwaikwayo ba. Abin da kawai zai tilasta masa karatun labari shi ne ɗan gajeren littafin da JAMB ke ɗora wa kowa, shi kuma marubutan gida ne ke rubuta shi. A makarantar da nake koyarwa, duk yaron da ya ɗan yi ƙoƙari a ƙaramar sakandare kimiyya ake tura shi, ko yana so ko ba ya so, iyaye ma abin da suke so ke nan. Ni sai a tattaro mini ragowar. Ba ƙorafi nake yi ba, don cikin ragowar nan na gamu da yaran da ban taɓa ganin masu kaifin basirarsu ba.

Su 'yan at kuwa, Shekisfiya, wato William Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayo na Ingila mai Macbeth da Julius Caesar ɗinku, yana nan a kansu daram. Hukumar WAEC, wadda Najeriya da Gana da Saliyo da Laberiya da Gambiya suka haɗu a kanta, tana sauya jerin littattafan Litirecha duk bayan shekara 5, NECO da JAMB ma kusan jerin suke bi. Komai na iya fita a shigo da wani, amma gurbin Shekisfiya ba ya motsi. Daga 2011 zuwa 2015 The Tempest aka yi. Daga 2016 zuwa 2020 Othello. Daga 2021 zuwa 2025 A Midsummer Night's Dream. Wanda ke ci yanzu, na 2026 zuwa 2030, Antony and Cleopatra ne. Mutumin da ya rasu tun 1616, ga shi yaran Gumel da Kumasi da Banjul suna kwana da shi a rai saboda jarrabawa. Kuma ba shi kaɗai ba ne tsoho. A jerin 2016 akwai The Castle of Otranto na 1764 da She Stoops to Conquer na 1773. A na 2021 akwai Wuthering Heights na Emily Brontë, na 1847, da waƙar John Donne. A sabon jerin akwai waƙar Byron, har da wani yanki na Chaucer, wanda ya rasu a 1400 kuma Turancinsa sai an sassauta shi kafin Bature ma ya gane. Abin da na lura ya fita a sabon jerin shi ne ƙagaggen labarin Ingila na ƙarni na 19, irin na su Dickens da kuka sani. Rabin jerin dai na marubutan Afirka ne, kuma ni ban ga aibun haka ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dubi yadda ake tambayar.

Jarrabawar Litirecha takarda uku ce. Ta farko tambayoyin canki-canka ne guda 50, kuma 20 daga ciki a kan littafin Shekisfiya suke. Za a tsakuro 'yan layuka a ajiye, a ce wa ya faɗi wannan, wa yake gaya wa, a ina suke, me ya faru kafin nan. Shi ke nan. Ba a neman yaro ya rubuta ko sakin layi ɗaya a kan Shekisfiya. Rubutun yana takarda ta biyu da ta uku ne, kan zube da wasan kwaikwayo da waƙa, a nan ɗin ma, a zube da wasan kwaikwayo, kowane sashe littafi biyu ne, ɗaya za a amsa. Makarantar da ta ga Wuthering Heights ya yi mata tauri sai ta kauce masa ta ɗauki abokin tafiyarsa. Wato sunan littafi ya bayyana a manhaja bai nuna an buɗe shi a aji ba.

Duk malami ya san inda jarrabawa ta karkata nan aji ke karkata. Tunda abin da ake nema shi ne wa ya ce da wa, sai kasuwar 'yan ƙananan littattafan nan da yara ke kira kifoyin ta buɗe. Littafi ɗaya siriri ya tattara duk jerin: taƙaitaccen labari, sunayen taurari da halayensu, jigogi, sai tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu. Uban da zai sayi littafi biyar ko shida, ga kuɗin rajistar jarrabawa yana jiransa, in aka nuna masa guda ɗaya da aka ce ya wadatar, wa zai ga laifinsa? Na taɓa zama da takardun jarrabawar gwaji na ajina, sama da 60. Tambayar a kan dalilin ramuwar gayyar Heathcliff ce, tauraron Wuthering Heights. Takarda ta farko ta buɗe da wata jimla mai daɗi, har na ce kai, yarinyar nan ta iya. Ta biyu, jimlar ce. Ta bakwai, ita ce dai. Abin da ya ƙarasa ni shi ne, mai kifoyin ɗin ya rikita Catherine uwa da Catherine 'ya a wuri guda, to kuskuren nan haka na bi shi takarda bayan takarda, kamar tambarin masaƙa a bakin atamfa. A ajin nan kaf, kwafin littafin na ainihi guda huɗu ne, ɗaya nawa.

Kada ka ɗauka yaran ne ba za su iya ba. Shekarar farko da na koyar da A Midsummer Night's Dream, na shiga aji da fargaba, don ina ganin me ya haɗa yaran nan da aljanun dajin Atina. Sai na ajiye bayanin tarihin marubuci da aka saba buɗewa da shi, na ce a ture bencina. Na tsayar da wani dogon yaro na ce kai ne sarki. Na kira wani na ce kai uba ne, ga 'yarka, ka zaɓa mata miji ta ce ita wani take so, ka kawo ƙararta fada, kuma dokar garin ta ba ka dama ko ta bi zaɓinka ko a kashe ta. Ban gama rufe baki ba wata daga baya ta ce, "Malam, ai auren dole ne!" Aji ya kaure. Rabi suna bayan uban, rabi suna bayan yarinyar. Da muka iso inda ake ɗiga wa mai barci ruwan wani fure a ido, ya farka ya kamu da son duk wanda ya fara gani, babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Suka ce asiri ne, mallaka ce, wani ya ce a'a, tunda ya raba masoya ai farraƙu ne, aka yi ta musu. Minti 40 ɗin suka ƙare, malamin darasi na gaba yana tsaye bakin ƙofa yana kallon agogo. Bayan nan ne na koma kan Turancin, layi bayan layi, kuma suka jure, saboda yanzu suna son su ji abin da yarinyar ta mayar wa sarki da bakinta. Haka Othello ya kasance a shekarun baya. Bahaushen yaro ba ya bukatar a fassara masa annamimi, ko kishin da ke rufe ido, ko abin da ƙyalle ɗaya zai haddasa in ya faɗa hannun da bai kamata ba. Harshen ne katanga, labarin kam nasu ne. Matsalar ita ce irin wannan koyarwa tana cin lokaci, manhaja kuma ba ta jira.

Yanzu mu leƙa Ingila. Ingila nake nufi, ban da Sikotilan da Wales masu nasu tsarin. A can abin ya fi namu tsauri, kuma ƙara ɗaure shi aka yi, ba sassautawa ba. Yara suna yin jarrabawar GCSE suna da shekara 16, kuma kusan kowa yana yin adabi, har wanda likita zai zama. Wannan shi ne babban bambancinmu da su. Lokacin da Michael Gove yake ministan ilimi, daga 2010 zuwa 2014, aka sake fasalin darasin, aka fara koyar da sabon a 2015, aka yi jarrabawarsa ta farko a 2017. Sharaɗin abu huɗu ne: wasan Shekisfiya ɗaya, ƙagaggen labari ɗaya na ƙarni na 19, zaɓaɓɓun waƙoƙi daga 1789 zuwa yau, da labari ko wasa ɗaya na marubucin tsibiran Birtaniya daga 1914. Kuma ba a shiga da littafi ɗakin jarrabawa, duk hujjar da yaro zai kawo daga ka zai kawo ta, kamar yadda kuka yi. An yi ta cece-ku-ce a 2014, domin sharaɗin ya fitar da littattafan Amurka da malamai suka daɗe suna so, musamman Of Mice and Men da To Kill a Mockingbird. Abin dariya, shi wannan na biyun da Ingila ta sallama, mu ne muka ɗauke shi a jerin WAEC na 2026. Ko a lokacin korona, da aka rage wa yara nauyi aka ba makarantu damar ajiye sashe ɗaya, Shekisfiya ba ya cikin waɗanda za a iya ajiyewa.

Sai dai su ma suna da irin tasu dabarar. Hukumar jarrabawa za ta ba da zaɓi mai faɗi, ga Great Expectations, ga Jane Eyre, ga Pride and Prejudice, amma yawancin makarantu sai su ruga kan gajerun: A Christmas Carol na Dickens ko Jekyll and Hyde, waɗanda ake iya gamawa a zama biyu ko uku. A Shekisfiya kuma Macbeth, wanda shi ne mafi gajarta cikin wasanninsa na ban tausayi. Sai a haɗa da An Inspector Calls. Littattafan nan uku ko huɗu ake juyawa shekara biyu cur, ana haddace 'yan layukan da za a zuba a jarrabawa. Malamansu da yawa suna kukan cewa hakan na kashe wa yara sha'awa, kuma biri ya yi kama da mutum, domin masu zaɓen adabi a matakin gaba, wato A-level, sun yi ta raguwa, har a 2022 ya fita daga darussa goma da aka fi ɗauka.

Amurka kuwa ba ta da manhaja ɗaya ta ƙasa. Kowace jiha da nata, cikin jiha ma kowace gundumar makarantu tana da ta cewa, gundumomin kuma sun kai wajen 13,000. Duk da haka al'ada ta kafa wani layi da ake samu a wurare da dama: aji na 9, wato farkon babbar sakandarensu, Romeo and Juliet, na 10 Julius Caesar, na 11 adabin Amurka, na 12 adabin Birtaniya, daga Beowulf da Chaucer zuwa Macbeth ko Hamlet. Wani mai bincike, Arthur Applebee, ya ƙirga littattafan da aka fi koyarwa a ƙarshen shekarun 1980, ya samu Romeo and Juliet a sama, Macbeth na biye, kuma huɗu cikin goman farko na Shekisfiya ne. Da ƙungiyar malaman Turanci ta ƙasar ta sake irin wannan ƙidaya a 2025, Romeo and Juliet ɗin ne dai a sama. Ma'aunin karatu na Common Core da jihohi da yawa suka karɓa tun 2010, shi ma ya ambaci Shekisfiya da suna.

Amma wannan ma'aunin ya zo da wani abu. Ya ce kafin yaro ya gama sakandare, kashi 70 cikin 100 na karatunsa ya zama rubutun bayani, ba ƙagagge ba. Masu tsarin sun ce duk darussa suke nufi, har tarihi da kimiyya, amma a makarantu da yawa ajin Turanci ne ya ɗauki nauyin. Ga jarrabawowinsu kuma na ɗan tsakure ne da tambayoyi a ƙasa. Sai aji ya koma tsakure: babi ɗaya daga nan, fitowa biyu daga can, a ƙarasa da fim. A 2023 gundumar Hillsborough a jihar Florida ta ce tsakuren Shekisfiya kawai za a riƙa karantawa a aji, saboda sabon salon jarrabawa da kuma tsoron dokar jihar kan abin da ya shafi batsa. A 2024 mujallar The Atlantic ta buga wani rahoto da ya tayar da ƙura, inda malaman manyan jami'o'i ke cewa ɗalibai na zuwa musu ba su saba gama littafi daga bango zuwa bango ba. Ka ga kifoyin ba mu kaɗai ke da shi ba. Nasu yana intanet ne, har da bugun da ke ajiye Turancin Shekisfiya a shafin hagu, Turancin yau a na dama. Wannan bugun ni ban ƙi shi ba, in dai ido na komawa hagun.

Maƙwabtanmu na Nijar ba su cikin wannan lissafi, tunda su adabin Faransanci ne a gabansu, a makaranta Turanci darasin harshen waje ne kawai.

Za ka iya cewa, to Malam, kai a ganinka ya dace a ci gaba da ɗora wa yaranmu littattafan mutanen da suka mulke mu? Tsohuwar muhawara ce. Tun 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokansa suka nemi a rushe sashen Turanci a jami'ar Nairobi a sa adabin Afirka a tsakiya, kuma sun yi gaskiya a abu ɗaya: ba daidai ba ne yaro ya san dajin Ingila bai san nasa ba. Yaron da ya gama sakandare a Kano bai karanta Abubakar Imam ba, bai san Nana Asma'u ba, asararsa ta fi ta wanda bai san Dickens ba. Amma a shekarun nan ne kuma Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, ya zauna ya fassara Julius Caesar zuwa Suwahili. Mu ma Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night Hausa da sunan Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtuwa ya ba mu Gandun Dabbobi, fassarar Animal Farm na George Orwell. Waɗannan ba mutanen da suka raina harshensu ba ne. Ni ina tare da su. Abin da nake ƙi shi ne an yi ba a yi ba: a sa littafi mai nauyi a manhaja don a ce muna yi, sannan a tambaye shi ta hanyar da ba sai an karanta shi ba. Antony and Cleopatra yana da fitowa sama da 40, ana tsalle tsakanin Rum da Iskandariya, ga Turanci mai sarƙaƙiya ko a cikin na Shekisfiya. Da ni aka tambaya, da Macbeth ko Julius Caesar ɗinku na dawo da shi, in rage yawan littattafan, in kuma sa tambayar rubutu ɗaya da kifoyin ba zai amsa ba. Amma ba a tambaye ni ba.

Batun jikarka kuwa, gyaransa yana hannunka, tunda makaranta ba za ta yi mata ba. Tsofaffin littattafan nan, na su Shekisfiya da Chaucer, sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a intanet, a waya ma za a karanta. Kada ka miƙa mata ka ce ta je ta karanta, za ta ajiye a shafi na uku. Ka fara ba ta labarin da Hausa, yadda ake tatsuniya bayan sallar isha'i, ka tsaya a inda ya fi daɗi. Kashegari ku buɗe wurin ku karanta a bayyane, kai ka ɗauki mutum ɗaya ita ta ɗauki ɗaya, domin wasa don kunne aka rubuta shi. Tunda Julius Caesar ne a bakinka, ku tafi kai tsaye wajen jana'izar, inda Brutus ya gama magana jama'a suna yi masa kirari, Antony ya hau bayansa ya juya su ba su ankara ba. Ka tambaye ta a daidai wane layi taron ya fara sauya sheƙa. In kuma kana son abin da zai sa ta dariya tun daren farko, nemi labarin Chaucer ɗin nan da ke sabon jerin WAEC, a bugun Turancin yau. Zakara ne dila ya yi wa daɗin baki, ya ce ya rufe ido ya miƙe wuya ya yi cara irin ta ubansa, yana rufewa ya cafke shi ya nufi daji. Ka tsaya nan, ka ce ta faɗa maka yadda zakaran zai kuɓuta daga bakin dila kafin ku juya shafi.